Tambaya da Amsa: Lambobin da Suka Gagari Rabo

Daga cikin wasiƙun da suka taru a kan teburina a wannan karon, huɗu sun zo ne a kan magana ɗaya, ko da yake masu su ba su san juna ba, saboda haka na ga ya fi kyau in haɗa su wuri guda in amsa. Maganar kuwa ita ce ta cikakkiyar lamba da lambobin da ke shiga cikinta daidai, ba tare da saura ba. Lamba kamar 12 tana rabuwa gida 2, da gida 3, da 4, da 6, amma 13, in ban da 1 da ita kanta, babu mai shiga cikinta. Irin wannan ta biyun ce yaranmu ke kira firayim a aji, bisa sunanta na Turanci. Ni a wannan fili zan kira ta gagara-rabo, domin sunan da kansa yana faɗin halinta.

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ina koyar da lissafi a aji shida na wata firamare a Rigasa. Na sa yara su rubuto mini lambobi gagara-rabo daga 1 zuwa 100, sai da yawansu suka sa 91 a ciki, kuma gaskiya ni kaina sai da na leƙa littafi kafin in tabbata cewa kuskure ne. Wace hanya ce tabbatacciya ta ganewa? Idan kuma lambar ta yi girma kamar 2027, dole ne sai an gwada duk lambobin da ke ƙasa da ita?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Kada leƙa littafin ya dame ka, domin 91 ta daɗe tana kayar da manya. Mara ce, ba cika ba, don haka 2 ba ta shiga. Ba ta ƙare da 5 ba. Idan ka haɗa 9 da 1 ka sami 10, wadda 3 ba ta rabawa, ita kuwa 3 ba ta shiga lamba sai in tana raba jimillar alƙalumanta. Babban abin da ke ɓoye ta shi ne jadawalin sau da muke sa yara su haddace yana tsayawa a 12, ita kuwa 7 sau 13 ce, taki ɗaya kacal bayan inda hadda ta ƙare. Ni ma na taɓa rubuta 87 a allo cikin jerin gagara-rabo a shekarata ta farko da fara koyarwa, sai wata yarinya a bencin baya ta ɗaga hannu ta ce, "Malam, ai takwas da bakwai goma sha biyar ne." Ta yi gaskiya, 87 ita ce 3 sau 29, na goge na ci gaba ina gumi.

Shawarata ita ce ka fara da abin da ido ke gani. Ka sa yara su tara murafen kwalba ko ƙwallayen dabino guda 36, ka ce su jera su sahu-sahu kamar masallata, kowane sahu daidai da ɗan'uwansa. Za su sami sahu 1 mai 36, da sahu 2 masu 18, da 3 masu 12, da 4 masu 9, da 6 masu 6. Daga nan idan suka ce za su ci gaba, sai su tarar da sahu 9 masu 4, wanda ba komai ba ne illa jerin ɗazu da aka kalla ta gefe. A nan darasin yake gaba ɗaya: masu raba lamba biyu-biyu suke zuwa, ƙarami riƙe da hannun babba, kuma ƙaramin ba ya taɓa wuce lambar da idan aka ninka ta da kanta za ta ba da wadda ake bincike, wato saiwarta. Da a ce duka biyun sun wuce saiwar, to da abin da suka bayar ya zarce lambar da aka fara da ita, wanda ba zai yiwu ba. Ma'ana, wanda ya bincika har ya iso saiwa bai sami ƙarami ba, ya huta da neman babba, domin babba ba ya fitowa shi kaɗai.

Akwai ragi na biyu. Lambar da 2 ta kasa shiga, 4 da 6 da 8 ba za su shiga ba. Wadda ta gagari 3, ta gagari 9 da 15. Saboda haka gagara-rabo kaɗai ake gwadawa. Duk lambar da ba ta kai 121 ba, wato 11 sau 11, gwaji huɗu ya ishe ta: 2, 3, 5 da 7. Da yaranka sun san da wannan na huɗun, da 91 ba ta tsere musu ba.

Mu ɗauki 2027 ɗinka. Tun da 45 sau 45 ta ba da 2025, kuma 46 sau 46 ta riga ta wuce, iyakarmu 45 ce, kuma gagara-rabon da ke ƙasa da ita guda 14 ne: 2, 3, 5, 7, 11, 13, 17, 19, 23, 29, 31, 37, 41 da 43. Ukun farko da ido ake kawar da su. Uku na biye kuwa akwai dabarar da ke sallamar su lokaci ɗaya, domin 7 sau 11 sau 13 tana ba da 1001 cif. Idan ka cire 1001 sau biyu daga 2027, saura 25, kuma babu ɗaya daga cikinsu da ke raba 25. Sauran takwas ɗin sai an zauna da alƙalami: 17 ta bar saura 4, 19 ta bar 13, 23 ta bar 3, 29 ta bar 26, 31 ta bar 12, 37 ta bar 29, 41 ta bar 18, sannan 43 ta bar 6. Ke nan 2027 gagara-rabo ce, kuma da gwaji 14 aka tabbatar maimakon fiye da 2,000. Sai dai ka gargaɗi yara kada su gaji a hanya su yanke hukunci. Lambar 2021 tana tsallake gwaji 13 na farko lafiya lau, sai a na ƙarshe asirinta ke tonuwa, domin 43 sau 47 ce.

Wannan hikima ta tsayawa a saiwa ba sabuwa ba ce. Tana cikin littafin lissafi da Fibonacci, mutumin Pisa ta Italiya wanda ya koyi lissafin Larabawa a Bijaya ta Aljeriya, ya rubuta a 1202, kuma Ibnul Banna na Marrakish, wanda ya rasu a 1321, ya yi amfani da ita wajen saukaka tsohuwar hanyar nan ta tankaɗe. Ita hanyar tankaɗen, wadda ake jingina wa Eratostenis, ɗan asalin ƙasar Libiya ta yau da ya shugabanci ɗakin karatu na Iskandariyya fiye da shekara 200 kafin haihuwar Annabi Isa, ita ce ta fi dacewa da aikin da ka ba yara. A rubuta 2 zuwa 100 a allo, a zagaye 2 a soke duk ninkinta, a zagaye 3 a soke nata, haka 5, haka 7. Abin da ya rage a kan rariya guda 25 ne, na ƙarshensu 97, kuma da idonsu za su ga lokacin da 7 ta soke 91.

Tambaya: Malam, barka da aiki. Ni uwa ce a Tudun Wada. Malamin 'yata ya ci ta maki saboda ta sa 1 cikin waɗannan lambobi, alhali kuwa 1 ba ta rabuwa sai da 1 da kanta. Ba a zalunce ta ba kuwa?

Amsa: Hajiya, ba a zalunce ta ba, amma tunaninta ba na banza ba ne, domin har farkon ƙarni na 20 akwai masana da ke lissafa 1 a cikin jerin. Sharaɗin da aka tsaya a kai yanzu shi ne lambar ta kasance tana da masu raba ta guda biyu daban-daban, ita kuwa 1, "ɗaya" da "kanta" duk abu guda ne. Ba don son rai aka fitar da ita ba. Kowace cikakkiyar lamba da ta wuce 1, ko dai gagara-rabo ce ko kuma ana iya warware ta zuwa gagara-rabo ta hanya ɗaya tak: 60 ita ce 2 sau 2 sau 3 sau 5, ko ta ina aka fara warwarar. Da an shigar da 1, da kowa ya ƙara "sau 1" iya son ransa, wannan ƙa'ida ta zama sai an riƙa yi mata togaciya a kowane shafi. Ki kuma duba tankaɗen da na bayyana a sama: idan aka zagaye 1 aka soke duk ninkinta, allon ne gaba ɗaya zai tafi. Ki tuna wa yarinyar wani abin da shi ma ake yawan faɗuwa a kansa, wato 2 gagara-rabo ce, kuma ita kaɗai ce cika a cikinsu.

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni ɗalibi ne a wata makarantar zaure a Unguwar Sanusi, muna karatun rabon gado. Na lura 12 da 24 suna yawan fitowa a matsayin asalin mas'ala, wato lambar da ake fitar da kason kowane magaji daga cikinta, ina so in san dalilin hakan ta fuskar lissafi. Sannan akwai hanyar sanin yawan masu raba lamba ba tare da an ƙirga su ɗaya bayan ɗaya ba?

Amsa: Wa alaikumus salam, Allah Ya ƙara sani. Hukuncin wa zai ci gado da nawa zai samu na malamanka ne, ni lissafin kawai zan taɓa. Kason da aka ƙayyade guda shida ne: rabi, rubu'i, sumuni, sulusani (biyu bisa uku), sulusi da sudusi. Idan ka warware lambobin da ke ƙarƙashinsu, wato 2, 4, 8, 3 da 6, ba za ka sami komai ba sai 2 da 3. Idan rubu'i ya haɗu da sulusi ko sudusi, ana bukatar lambar da ke ɗauke da 2 guda biyu da 3 guda ɗaya, mafi ƙanƙantarta kuwa ita ce 12. Idan sumuni ne ya haɗu da sudusi ko sulusani, sai an sami 2 guda uku da 3 guda ɗaya, shi ne 24.

Ga misali. Mutum ya rasu ya bar mata da uwa da ɗa namiji. Mata tana da sumuni, uwa tana da sudusi, saura na ɗa ne; daga 24, mata ta ɗauki 3, uwa ta ɗauki 4, ɗa ya kwashe 17. To idan 'ya'yan maza biyu ne fa? A nan 17 za ta nuna halinta na gagara-rabo, ta ƙi rabuwa gida biyu, kuma da su uku ne ko huɗu ko biyar haka za ta ƙi. Shi ya sa ake ninka asalin da yawan kawunan, 24 ta koma 48, mata ta sami 6, uwa 8, kowane ɗa 17. Gyaran mas'ala da kuke yi a zaure, binciken masu raba lamba ne tsantsa, sunan ne kawai ya bambanta da na boko.

Game da ƙidayar, hanyar ita ce a warware lambar tukuna. Ɗauki 360, wadda ita ce yawan kujerun Majalisar Wakilai ta Tarayya: a cikinta akwai 2 guda uku, da 3 guda biyu, da 5 guda ɗaya. Duk lambar da za ta raba 360, daga cikin wannan kayan ake harhaɗa ta, ba daga waje ba. A wajen 2, kana iya ƙin ɗauka, ko ka ɗauki ɗaya, ko biyu, ko uku, zaɓi huɗu ke nan; a wajen 3 zaɓi uku; a wajen 5 zaɓi biyu. Sai ka ninka 4 sau 3 sau 2, ka sami 24, kuma idan ka zauna ka jera su daga 1 har 360, guda 24 za ka tarar. Majalisar Dattawa kuwa mai kujeru 109 masu raba ta biyu ne kawai, haka ma ƙananan hukumomin jiharmu ta Kaduna guda 23, waɗanda ba yadda za a yi su kasu daidai tsakanin mazaɓun sanata uku. Rabon da ke ƙasa shi ne 8 a arewa, 7 a tsakiya, 8 a kudu. Da wannan hanyar za ka ga 60 tana da masu raba ta 12, abin da ya sa izu sittin ke da daɗin tsarawa: mai karanta izu 2 kullum ya sauke a kwana 30, mai 3 a kwana 20, mai 4 a 15, mai 5 a 12, mai 6 a 10, duk ba tare da guntu ba.

Tun da kai mai karatun littattafan Larabci ne, bari in ƙara maka wani abu da magabata suka yi wa hidima. Idan ka tara masu raba 28 ban da ita kanta, wato 1, 2, 4, 7 da 14, za su mayar maka da 28. Irinta ake kira kammalalliyar lamba, ta farkonsu 6, sai 28, sai 496, sai 8128. Idan kuma ka tara na 220 za ka sami 284, ka tara na 284 ka dawo 220, waɗannan su ne lambobi masoyan juna, kuma Sabit bin Ƙurra, wanda ya rasu a Bagadaza a 901, ya fitar da ƙa'idar samo irinsu.

Tambaya: Malam, ni ɗalibin kimiyyar kwamfuta ne, ina zaune a Kawo. Na rubuta ɗan shiri da ke gwada lamba ta hanyar rabawa har zuwa saiwa. Yana aiki da ƙananan lambobi, amma da na ba shi mai alƙaluma 30 sai kwamfutar ta yi tsit har caji ya ƙare. Ina kuskurena? Kuma shin akwai gagara-rabo ta ƙarshe?

Amsa: Ɗana, wataƙila shirinka lafiyarsa lau, hanyar ce ta kai iyakarta. Lamba mai alƙaluma 30 saiwarta tana da alƙaluma 15. Ko da kwamfutarka tana rabawa sau biliyan ɗaya a kowace daƙiƙa, bin lambobin ɗaya bayan ɗaya zai iya cin kwana 11 da ɗoriya, idan kuwa alƙaluman suka kai 40, aikin zai iya haura shekara 3,000. Tsallake cika da ninkin 3 zai rage wani abu, amma ba zai kai ka gaci ba.

Mafita ta fito ne daga wata ƙa'ida da Fermat, wani lauya ɗan Faransa, ya ambata a wasiƙa a 1640. Idan lamba gagara-rabo ce kuma mara, ka jera 2 adadin lambar ban da ɗaya, ka ninka su da juna, ka raba da lambar, saura 1 za ka samu. Gwada da 7: 2 guda shida sun ba da 64, wato 9 sau 7 da saura 1. Gwada da 91: 2 guda 90, idan aka raba da 91, saura 64 ne, ba 1 ba, don haka 91 tana rabuwa. Kwamfuta tana yin wannan cikin ƙiftawar ido ko da lambar tana da ɗaruruwan alƙaluma, domin ninkin-ba-ninkin take tafiya, kuma a kowane mataki saura kaɗai take riƙewa. Ka lura da abin mamakin da ke nan: gwajin ya tabbatar cewa 91 tana da mai raba ta, amma bai ambaci 7 ba, bai ambaci 13 ba. Sanin cewa lamba tana rabuwa daban, sanin wanda ke raba ta daban, kuma a kan wannan tazarar aka gina tsarin ɓoye saƙo na RSA da Rivest da Shamir da Adleman suka fitar a Amurka a 1977, wanda har yau yana cikin hanyoyin tsare mu'amala a intanet. Samo manyan gagara-rabo biyu a ninka su abu ne mai sauƙi, amma wanda aka miƙa wa sakamakon aka ce ya fito da su, babu sananniyar hanya mai sauri da kwamfutocin yau za su yi masa wannan.

Sai dai gwajin Fermat shaida ne da ake karɓar maganarsa idan ya ce lamba tana rabuwa, amma idan ya wanke ta sai an ƙara bincike. Lambar 341 ita ce 11 sau 31, duk da haka tana ba da saura 1, domin 2 guda goma sun ba da 1024, wato 341 sau 3 da saura 1, kuma 340 goma-goma ce sau 34. Idan aka sauya 2 da 3, saura ya zama 56, sai a kama ta. Wadda ta fi ta wayo ita ce 561, wato 3 sau 11 sau 17, domin tana tsallake gwajin da kowace lamba aka yi shi, muddin lambar ba ninkin ɗaya daga cikin waɗannan ukun ba ce. Gyaran da Miller ya kawo a 1976, Rabin ya ƙarasa a 1980, shi ne ya toshe wannan ƙofa: a kowane zagaye, damar da lamba mai rabuwa ke da ita ta kuɓuta ba ta wuce ɗaya cikin huɗu ba, idan aka maimaita sau 40 kuwa shakkar ta zama ba abin lissafawa ba. Shi ya kamata ka koya ka sa a shirinka. A 2002 kuma Agrawal da ɗalibansa biyu, Kayal da Saxena, a Kanpur ta Indiya, suka nuna hanyar da ke ba da tabbaci cikakke ba tare da lokacin ya yi tashin gwauron zabo ba, ko da yake a aikace ba ta kai ta Miller da Rabin sauri ba.

Gagara-rabo ta ƙarshe kuwa babu ita, kuma Iƙlidis, wanda Turawa ke kira Yuklid, ya kafa hujjar haka a Iskandariyya wajen shekara 300 kafin haihuwar Annabi Isa. Kawo duk jerin da kake da shi, ka ninka su da juna ka ƙara 1. Kowace daga cikinsu za ta bar saura 1, don haka dole sabuwar lambar ta kasance gagara-rabo, ko kuma wata gagara-rabo da ba ta cikin jerinka ta raba ta. Kada ka manta da wannan "ko kuma" ɗin, domin a nan ɗalibai ke zamewa: 2, 3, 5, 7, 11 da 13 idan aka ninka aka ƙara 1 sun ba da 30031, wadda ita ce 59 sau 509. Gagara-rabon da aka gano a watan Oktoba na 2024, da ta zarce duk waɗanda aka sani kafin ta, ana samun ta ne idan aka ninka 2 guda 136,279,841 aka cire 1, kuma alƙalumanta 41,024,320 ne.

Kafin ka taɓa manyan lambobi, ka jarraba shirinka da 1, da 2, da 91, da 561, da 2021, da 2027. Biyu kawai ya kamata ya wanke, wato 2 da 2027. Bayan nan ka ba shi 4,294,967,297, wato 2 guda 32 da aka ninka da juna, da ƙarin 1. Fermat ya ɗauka gagara-rabo ce, aka zauna a haka har 1732, lokacin da Euler ya nuna cewa 641 tana shiga cikinta sau 6,700,417. Idan shirinka ya wuce 641 bai tsaya ba, ka duba ko ma'ajiyar da ka zuba lambar a ciki ta isa ta ɗauke ta, domin ta fi ƙarfin mai bit 32, wato mai gurbi 32 na 0 ko 1.